Gishiri a gona: wankin ƙasa ba ya yiwuwa sai ruwa ya samu mafita

Da zarar watan Maris ya kama, rana ta fara dukan ƙasa, wanda ya ratsa wasu fadamun ƙasar nan zai ga wani farin abu kwance a bakin fangula, kamar an barbaɗa gari. A wani wurin kuma ba fari ba ne, baƙi ne mai maiƙo-maiƙo, sai ka ce an zubar da tsohon man mota. Shukar da ke wurin ta tsumbure, bakin ganyenta ya ƙone, da tsakar rana ta yi yaushi alhali ƙasar da ke gindinta jiƙe take. Manomi ya duba ya ce ƙasa ta gaji, sai ya ƙara taki. Ya ga babu sauyi, ya ƙara ruwa. Bayan shekara biyu ko uku ya bar wannan kusurwa ta gona ga ciyawa.

Gishiri ne ya hau ƙasar, a wani wurin kuma kanwa. Maganar ba ta tsaya ga manomi ba. Ƴar kasuwar da ta ba da kuɗinta tun lokacin dashe domin a biya ta da buhunan albasa, da dillalin da ke jiran cika mota zuwa Gana ko Kwaddebuwa, da mai kasa tumatir a bakin titi, duk abin yana zuwa har cikin aljihunsu. Albasa tana cikin shuke-shuken da suka fi kowa tsoron gishiri, ita ce kuwa abin da jahar Tawa ke taƙama da shi.

Malaman gona suna da ƙaramar na'ura ta awon gishirin ƙasa. Ruwa mai gishiri ya fi ruwan daɗi ɗaukar wutar lantarki, to da wannan ne na'urar ke ba da lamba. In lambar ta kai 4, sai a ce ƙasar mai gishiri ce. Albasa kuwa tun daga 1.2 take fara raguwa, kafin a kai 4 ta zubar da kusan rabin abin da za ta bayar. Karoti da salati da tattasai su ma ba su da juriya. Tumatir yana daurewa har 2.5, shinkafa har 3. Alkama da dawa da auduga ba su fara jin komai ba sai an kai 6 ko an wuce. Wannan ne ya sa za ka ga gona guda, dawa ta yi kyau da damina, a dasa albasa da rani ta ƙi yin kai. Masu sayar da tumatir ma sun san ƴaƴan nan da gindinsu ke yin baƙi ya loɓa tun suna bisa uwa. Gishiri yana cikin abubuwan da ke ƙara wannan ciwo, domin yana hana shuka shan abin da take bukata.

Daga ina gishirin ke fitowa?

Babu ruwan rijiya ko na gulbi da ba ya ɗauke da ɗan gishiri, ko da harshe bai ji shi ba. Ga lissafi mai sauƙi. A ce ruwan rijiyar garka yana da rabin giram na gishiri a kowace lita, ruwan da kowa zai sha ya ce lafiya lau. A ce kuma an zuba wa hekta guda lita miliyan 6 daga dashe zuwa cira. Shuka ta sha nata, rana ta ɗauke saura, amma rana ba ta ɗaukar gishiri. Abin da ya rage a gonar tan 3 ne, wato buhu 60 mai kilo 50, a noman rani guda. Da wani zai shigo gonar mutum da dare ya zazzage buhu 60 na gishiri, da sai an kai maganar gaban sarki. Injin ban ruwa kuwa yana yin haka kowace shekara, ba wanda ya ce masa uffan.

A ƙasashen da ruwan sama ke da yawa, damina ce ke wanke wannan gishiri. Mu a nan, ruwan da ke sauka a Maraɗi cikin shekara bai fi rabin mita ba in an tara shi, Tawa ma ba ta kai haka ba, alhali rana da iska suna iya ƙafar da fiye da mita 2 na ruwa a shekara. Jigawa mai yashi tana samun sauƙi, domin ɗan ruwan daminar yana ratsa ta ya wuce. Laka ce ke riƙewa.

Hanya ta biyu ta fi ta farko sharri. In ana zuba ruwa fiye da kima a fadamar da ba ta da magudana, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tasowa sannu a hankali. In ya zo kusa, kamar mita guda ko guda da rabi, sai ƙasa ta riƙa tsotso shi zuwa sama yadda lagwani ke tsotso kananzir a fitila. Ruwa ya ƙafe a sama, gishiri ya zauna. A nan ne manomi ke shiga tarko: yana ƙara ruwa domin ya ga shuka ta yi yaushi, ruwan da ya ƙara kuma shi ke ƙara taso da gishirin. Yanzu da injinan hasken rana suka yawaita a garake, ba a sayen esansi, ruwa ya zama kamar na banza, hannu ba ya saurin kashe inji. Alheri ne babba, amma a fadama mai laka yana bukatar lura.

Akwai kuma wuraren da gishirin daɗaɗɗe ne, tun kafin a haifi kakanninmu yake cikin ƙasa: dallolin jahar Doso, tafkunan kanwa na Damagaram da Manga, da wasu lakokin bakin kogin Isa. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da rahoto a shekara ta 2024 inda ta ƙiyasta kusan hekta biliyan 1.4 na ƙasar duniya gishiri ya shafa, wato sama da kashi 10 cikin 100.

Abin da masu dafa gishiri suka daɗe da sani

Maganin da aka sani shi ne wanke ƙasa da ruwa, kuma babu macen da za ta ce aikin baƙo ne a wurinta. Mai tace toka tana zuba toka a tukunya mai huji, ta kwarara ruwa a kai, ta tara abin da ke ɗiga a ƙasa. Ruwan ya fito da kaifin tokar, abin da ya rage a tukunya ya zama lami. Masu gishirin Foga a yankin Gaya haka suke yi da ƙasa: su kankaro ƙasa mai gishiri, su zuba a matata, su bi ta da ruwa, su tari ruwan gishirin su dafa. Su gishirin suke so, ƙasar su zubar. Manomi ƙasar yake so, gishirin ya tafi. Aikin dai guda ne.

To a tambayi mai tace toka, me zai faru in tukunyar ba ta da huji? Za ta ce ruwa ya kwanta, toka ta jiƙa, rana ta busar, a koma inda aka fito. Duk maganar wankin gona a nan take. Gishiri ba ya mutuwa, ba ya ƙonewa, babu wani magani a kanti da ke cinye shi. Kora shi ake yi daga inda saiwa take zuwa wani wuri. In babu wurin da zai tafi, an yi asarar ruwa da mai da lokaci, wataƙila ma an ƙara ɓata gonar.

Saboda haka aikin farko haƙa ne. A haƙa rami mai zurfin mita guda ko fiye a wurin da farin ya fito, a bar shi ya kwana. In da safe an tarar ruwa ya taru a ciki kusa da baki, ruwan ƙasa ya riga ya taso, wanki ba zai yi ba sai an fara fitar da magudana mai zurfi da za ta janye shi zuwa gangare. In ramin busasshe ne, a cika shi da ruwa a ga yadda yake tsotsewa. A bangon ramin kuma ana ganin ko akwai wani dandaɓaɓɓen fako a ƙarƙashi da ke tare ruwa. Irin wannan sai an fasa shi da garma mai zurfi ko da diga.

In hanya ta samu, sai a baje gonar ta daidaita, domin tudu-tudun da ruwa bai rufe ba nan gishiri ke gudu ya taru. Wanda ke da ƙarfi ya fara kankare farin ɓawon da ke sama ya fitar da shi nesa da gona, kada ya jibge shi a kan kunya inda ruwan farko zai maido shi. Sa'an nan a ɗaure fangula a cika su.

Ruwa nawa? Ƙa'idar da masana ke aiki da ita ita ce: domin wanke santimita 30 na saman ƙasa, wato kamar tsawon ƙafar babban mutum, ruwa mai zurfin santimita 15 da ya ratsa ya wuce yana fitar da kusan rabin gishirin. Santimita 30 na ruwa yana fitar da kusan kashi 80 cikin 100. Santimita 60 kuma kashi 90. A lura da yadda ribar ke raguwa: ninka ruwan daga 30 zuwa 60 kashi 10 kaɗai ya ƙara. Santimita 30 bisa hekta guda lita miliyan 3 ke nan, ganga 15,000 mai cin lita 200. Wannan aiki ya fi ƙarfin guga da wasaki, kuma mai injin esansi sai ya zauna ya yi lissafi kafin ya fara. Mai garka ƙarama ya fi sauƙi, tunda kusurwar da ta lalace kaɗai zai wanke.

Dabarar da ke rage ruwan ita ce a zuba shi kashi-kashi. A ba fangali ruwa, a bari ya tsotse, a jira ƴan kwanaki, a sake. In aka kwarara shi gaba ɗaya, musamman a laka mai tsagewa, ruwan yana bin manyan tsagu ya wuce ƙasa bai taɓa gishirin da ke cikin hoge ba. Kamar mai wanki ce da ta jiƙa tufafi ta bari sabulu ya shiga, da wadda ta watsa ruwa ta ɗauke. Lokaci ma yana da nasa. Wanki a watan Afrilu ko Mayu rabon rana ne. Ya fi kyau a lokacin ɗari, ko kuma a ɗaure fangula kafin damina a bar ruwan sama ya yi aikin, tunda shi ne ruwan da ba ya da gishiri kuma ba a biyan ko dala. A kuma yi wankin kafin a zuba takin zamani, domin ruwan da ke kora gishiri yana tafiya da takin. Takin zamanin ma, in ba a sani ba, shi kansa wani nau'in gishiri ne. Wanda ya ƙara shi a ƙasar da ta riga ta yi fari ya ƙara wa shukarsa ƙishirwa ne da kuɗinsa.

Kanwa daban take

Inda mutane da yawa ke yin asara shi ne ɗaukar gishiri da kanwa abu guda. Ƙasar da gishiri kaɗai ya hau tana shan ruwa, wanki yana yi mata. Ƙasar da kanwa ta kama kuwa, lakarta narkewa take yi ta toshe duk ƴan kafofin da ruwa ke bi. In ta jiƙa ta yi santsi kamar sabulu, ruwa ya kwanta a kai kwana da kwanaki. In ta bushe ta yi tauri kamar siminti. Baƙin maiƙon nan da aka ambata alamarta ce. Duk matar da ta taɓa jefa kanwa a tukunyar wake ta ga yadda take lausasa abu har ya dame. Haka take yi wa laka.

Ana iya gwadawa a gida. A ɗauki ɗan busasshen hoge kamar ƙwayar goro, a sa shi a hankali cikin kofin gilashi mai ruwan sama, kada a motsa. In ya rushe ya kwanta a gindi ruwan yana garau, da sauƙi. In ruwan ya gauraye ya yi kamar an dama koko, kanwa ce. Irin wannan ƙasa in aka zuba mata ruwan daɗi zalla ƙara toshewa take yi. Sai an fara barbaɗa mata garin wani farin dutse da ake kira jibs, a cuɗa shi da saman ƙasa, shi ne ke kwance kanwar daga jikin laka, sa'an nan ruwa ya iya kora ta. Dutsen nan ba sai an je Turai ba: akwai shi a Adar, shi ne ma ake haɗawa a yi siminti a Malbaza. Sai dai aikin na tan-tan ne a hekta, kuma awon ƙasa ne ke faɗin ko nawa za a sa, saboda haka a nemi malamin gona ko a kai ƙasar ɗakin awo na cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN. Farar ƙasa ta shafen ɗaki ba ta maye gurbinsa, toka kuwa ƙara ɓarna take yi. Takin gargajiya da tattaka da ƙaiƙayi suna taimakawa ƙwarai wajen buɗe ƙasa, ko an samu jibs ko ba a samu ba.

A gandun shinkafa na Kollo, kusa da Yamai, an ga iyakar wanki da ruwa zalla. Ruwan kogin Isa yana cikin ruwaye masu ƙarancin gishiri, amma akwai fangulan da manoma suka bari saboda gishirin da ke cikin lakar tun asali, lakar kuma ta yi nauyin da ruwa ba ya ratsa ta sai da ƙyar. Masu bincike ƴan ƙasa tare da abokan aikinsu na Faransa sun gwada shuka ciyawar burgu a irin waɗannan fangula (ciyawar bakin kogi ake nufi, ba burgu na rami ba), kamar yadda aka taɓa gwadawa a Lossa, kan hanyar Tilaberi. Saiwarta tana huda laka ta buɗe wa ruwa hanya, kuma an ga gishirin saman ƙasa ya ragu. Abin da ya fi burge ni a wannan dabara shi ne gonar ba ta zaman banza lokacin jinya: burgu abincin dabbobi ne da ke da kasuwa a Yamai, masu kiwon tumaki da shanu a gida sun san darajarsa.

Magudana ba ta da uwa

Misira ce ƙasar da ta fi kowa ɗaukar darasin nan a nahiyarmu. Shekaru dubbai ambaliyar kogin Nilu tana rufe gonaki kowace shekara ta wanke su ta janye. Da aka gama babbar madatsar Aswan a 1970, ambaliya ta tsaya, aka koma ban ruwa rani da damina, ruwan ƙasa ya taso, gishiri ya biyo shi. A 1973 gwamnatinsu ta kafa hukuma ta musamman domin magudanu, aka shiga binne bututu masu huji a ƙarƙashin gonaki, har aka rufe fiye da hekta miliyan 2. Kuɗi ne masu yawa aka kashe domin fitar da ruwa daga gona, a ƙasar da take hamada.

Mu ma manyan gandayenmu na ban ruwa, irin na Ƙonni da Jirataw da na bakin kogi, da magudanunsu aka zana su. An kafa ofishin ONAHA a 1978 domin kula da su, bayan taron Damagaram na 1982 kuma aka miƙa tafiyar da su ga ƙungiyoyin manoma. Abin da aka saba gani a gandun ban ruwa ko'ina shi ne, kanal mai kawo ruwa in ya fashe da safe, kafin azahar an taru an gyara, domin kowa yana ganin shukarsa za ta mutu. Magudana mai fitar da ruwa kuwa tana iya cika da laka da kacalla shekara biyar ba wanda ya ɗaga murya, wani ma ya cike ta ya ƙara faɗin fangalinsa. Ɓarnarta ba ta fitowa a rana guda, kuma tana fara faɗawa ne kan wanda gonarsa ke can gangare, wanda sau da yawa shi ne mai ƙaramin ƙarfi. A ganina, duk ƙungiyar da ke karɓar kuɗin ruwa bayan girbi ya kamata ta ware na yasar magudana daban, a faɗe shi a bainar taro, kamar yadda ake faɗin na lantarki da na gyaran inji.

Haka nan wanda ya wanke gonarsa ya sako ruwan cikin ta maƙwabci bai yi maganin komai ba, ya sauya wa gishirin mazauni ne, ya kuma sayi rigima. Ruwan magudana sai an san inda zai ƙare tun kafin a fara, kuma kada mai inji ya tsoma tiyo a ciki ya maida shi kan albasa don ya ga ruwa kusa.

Bayan an wanke, sauran aikin na kullum ne. A duk ban ruwa, ko bayan kowane ƴan kwanaki, a ɗan ƙara kamar kashi 10 zuwa 20 cikin 100 bisa abin da shuka ke sha, domin ragowar ta wuce ƙasa da sabon gishirin. Wannan ma sai a gonar da ke da mafita. A rufe gindin shuka da ciyawa ko kara domin rage ƙafewa. Mai shuka bisa kunya ya sa iri a kafaɗarta, kada ya sa a tsakiyar kai, domin can gishiri ke taruwa in ruwa yana bin kwari ta gefe biyu. Mai ban ruwa na ɗigo kuma zai ga farin zobe kewaye da inda ruwan ke jiƙawa; in ƴar yayyafin farko ta sauka tana tura wannan zobe cikin saiwa, saboda haka ana barin ɗigon yana aiki lokacin da ake ruwan. A shekarar farko bayan wanki kada a yi gaggawar komawa ga albasa. A fara da dawa ko alkama, ko shinkafa inda ruwa ya wadata, a ga yadda ƙasar ta karɓa.

Ƴan kasuwa da dama yanzu suna sayen garka ko su ɗauki haya, wasu kuma su ba da jari a yi musu noma. Mai wannan niyya kada ta je duba wuri a watan Satumba, lokacin da damina ta wanke fuskar ƙasa ko'ina ya yi kore shar. Ta je a Maris ko Afrilu, ta zaga har kusurwar da ta fi gangare, ta duba bakin fangula da bangon rijiya, ta ɗanɗana ruwan, ta sa a haƙa mata rami mita guda ta dawo washegari ta leƙa. Ta kuma tambayi mai wurin ina ruwan gonar ke fita in ya yi yawa, ta ce ya kai ta ta gani da idonta.